Jowan, 'Yar Ƙauyen da Ta Ja Rundunar Faransa

 Yau zan kai ku ƙasar Faransa, mu koma baya wajen shekara 600, in ba ku labarin wata yarinya wadda ba ta cika shekara 20 a duniya ba, amma har gobe ana gardama a kanta. Turawan Ingila suna kiranta Joan of Arc, mutanen ƙasarta kuwa Jeanne d'Arc. Mu dai sai mu ce da ita Jowan don sauƙin faɗi. Limaman Katolika ne suka yanke mata hukunci aka ƙone ta cikin 1431, limaman Katolika ne suka wanke ta cikin 1456, sa'an nan cikin 1920 Paparoma ya sa ta cikin jerin waliyyai. Babban abin da aka kama ta da shi kuwa shi ne ta sa kayan maza ta shiga fagen yaƙi alhali tana mace. Duk wadda ta bi labarin nan a hankali za ta gane dalilan da suka sa malaman Katolika na gargajiya ba su yarda mace ta yi yaƙi ba. Za ta kuma ga yadda aka ɗauki dokar da aka ce don tsare mutuncin mace aka yi ta, aka hallaka yarinyar da ke tsare mutuncinta.

Yarintarta

An haifi Jowan wajen 1412 a wani ɗan ƙauye mai suna Domremi, can gabashin Faransa. Sunan ubanta Jak, uwarta kuwa Isabel. Manoma ne masu rufin asiri, suna da gona da dabbobi, uban kuma yana cikin dattawan da ke lura da harkokin ƙauyen. Jowan ba ta shiga makaranta ba, ba ta iya karatu ko rubutu ba. Abin da ta koya wajen uwarta shi ne kaɗi da ɗinki da aikin gida da addu'o'in addininsu. Maƙwabtan da suka ba da shaida a kanta daga baya sun ce yarinya ce mai kunya, mai yawan zuwa majami'a, mai jinyar marasa lafiya, har samarin ƙauyen sukan yi mata ba'a saboda yawan ibadarta.

Ta tashi ne cikin zamanin tashin hankali. Tun 1337 Ingila da Faransa ke fafatawa kan wanda zai gaji sarautar Faransa, watau rikicin nan da ake kira Yaƙin Shekara Ɗari. Cikin 1415 Ingilishi suka yi wa sojan Faransa mummunan kaye a Ajinko. Cikin 1420 aka ƙulla yarjejeniya aka ce Sarkin Ingila ne zai gaji Faransa, aka ture Yarima Shal, ɗan Sarkin Faransa. Daɗin daɗawa kuma, Faransawan da kansu a rabe suke, domin mai mulkin Burgundi da jama'arsa suna goyon bayan Ingila. Birnin Paris yana hannun abokan gaba, haka nan birnin Rims inda aka saba naɗa sarakunan Faransa. Ƙauyen su Jowan yana goyon bayan Shal, saboda haka cikin 1428 mayaƙan Burgundi suka kai masa hari, mutane suka gudu da dabbobinsu, da suka dawo suka tarar an yi ƙone-ƙone.

Tana da shekara 13 ta ce ta fara jin wata murya a lambun ubanta da tsakar rana, tare da haske. Ta ce daga baya ta gane masu yi mata magana su ne Mala'ika Mika'ilu da wasu waliyyai mata biyu, Katarina da Margarita. Da farko sun umurce ta ne da kyakkyawan hali da zuwa majami'a, ita kuma ta yi alkawarin zama budurwa muddin Allah ya so. Sannu a hankali umurnin ya zama ta je ta taimaki Yarima Shal, ta kai shi Rims a naɗa shi. Ku dubi yadda ubanta ya ɗauki abin, domin shi ne ra'ayin kowane uba a zamanin. Ya yi mafarki 'yarsa ta bi sojoji, sai ya gaya wa 'ya'yansa maza cewa in har hakan zai faru gara su nutsar da ita a ruwa, in sun kasa shi zai yi da hannunsa. A saninsa macen da ke bin rundunar yaƙi karuwa ce. Wani saurayi kuma ya kai ta ƙara kotun coci a garin Tul wai ta yi masa alkawarin aure, ta je ta kare kanta, aka sallame ta.

Hanyar Fada

Cikin watan Mayu 1428 wani danginta ya raka ta garin Bokula, kamar mil 12 daga ƙauyensu, wajen shugaban sojan wurin. Mutumin ya yi dariya ya ce a mayar da ita gida a sha mata mari. Ba ta daddara ba, ta dawo farkon 1429, ta yi ta naci har mutanen garin suka yarda da ita, suka yi karo-karo suka saya mata doki da tufafin maza. Aka yanke mata gashi irin na samari. Ta tashi da 'yan rakiya maza 6, suka yi kwana 11 suna tafiyar fiye da mil 300, yawanci ta cikin ƙasar abokan gaba, har suka isa garin Shinon inda Yarima yake. Waɗanda suka raka ta sun shaida cewa da tufafinta a ɗaure take kwana a hanya.

Yarima Shal ya saurare ta, amma bai yi gaggawa ba. Ya tura ta garin Puwatiye inda manyan malaman addini suka yi wajen mako 3 suna yi mata tambayoyi. Wani malami ya tambaye ta, in Allah yana son ya ceci Faransa, mene ne amfanin sojoji? Ta ba shi amsa cewa mayaƙa su ne za su yi yaƙi, nasara kuwa Allah ne zai bayar. Aka sa manyan mata, a ƙarƙashin surukar Yarima, suka duba ta suka tabbatar budurwa ce. Malaman suka ce ba su sami wani mugun abu a tare da ita ba, sai tawali'u da ibada da gaskiya, saboda haka a kai ta birnin Orliyan a gani ko aikinta zai gaskata maganarta.

Dalilan Malamai

To, 'yan'uwa, bari mu dakata nan mu ga abin da ya sa sai da aka tara malamai kafin a bar mace ta hau dokin yaƙi. Dalilansu huɗu ne. Na farko shi ne tufafi. A cikin Attaura, littafin Kubawar Shari'a sura 22 aya 5, an hana mace sa kayan namiji, an hana namiji sa kayan mace. Wani taron bishop-bishop da aka yi a Gangara cikin ƙarni na 4 ya la'anci macen da ta yi shigar maza, aka kuma shigar da wannan hukunci cikin babban kundin dokokin coci da aka tsara wajen 1140. Manzo Bulus kuma ya koyar da cewa dogon gashi ado ne da daraja ga mace. Ga shi kuwa ba a zuwa yaƙi da doguwar riga, tilas sai da wando da sulke da kwalkwali.

Na biyu shi ne jini. A ganinsu mace ita ce mai ɗaukar rai cikin cikinta ta raine shi, bai dace hannun da ke shayarwa ya zama mai kisa ba. Su kansu limamai an hana su zubar da jini ko ɗaukar makami. Tun ƙarshen ƙarni na 10 kuma bishop-bishop na Faransa suka fara wani yunƙuri da suka kira Salamar Allah, wanda ya hana mayaƙa taɓa marasa makami, daga baya aka lissafa mata cikin waɗanda ba a taɓawa. Masu wannan ra'ayi suna ganin cewa in mata suka shiga sahun mayaƙa, to, abokin gaba ba zai ƙara ganin dalilin ƙyale mace ba.

Na uku shi ne zama cikin maza. Sansanin yaƙi wuri ne na giya da caca da ashar, suna tsoron mace ta lalace a can ko a lalata ta, ko kuma ta zama fitina ga sojoji. Na huɗu shi ne shugabanci da biyayya. Ba su saba ganin mace tana ba maza umurni ba, balle 'yar talaka da ta bar gida ba da izinin iyayenta ba.

Amma kuma a cikin koyarwar tasu akwai ƙofa. Babban malaminsu Toma Akwinas, wanda ya rasu cikin 1274, ya rubuta cewa shigar maza ga mace laifi ne, sai dai in larura ta kama, kamar ɓuya daga abokan gaba ko rashin wata tufa. Akwai kuma wata takarda ta watan Mayu 1429 wadda ake danganta wa shahararren malamin nan Jan Jerson, inda aka kare Jowan. An kawo misalin Debora da Yudit, matan da Littafi Mai Tsarki ya nuna an ceci al'umma ta hannunsu. Wani malamin Paris ya mayar da martani mai zafi, ya ce abin da take yi saɓo ne. Kun ga ke nan tun tana raye malaman sun rabu biyu, kowane ɓangare da hujjarsa a hannu.

Fagen Fama

Tun watan Oktoba 1428 Ingilishi suka yi wa Orliyan ƙawanya, birni ne a bakin Kogin Luwa wanda in ya faɗi hanyar kudancin Faransa ta buɗe. Aka ƙera wa Jowan sulke daidai jikinta, aka ɗinka mata farar tuta mai ɗauke da sunan Yesu da Maryamu. Ta shiga birnin ran 29 ga watan Afrilu 1429 tare da kayan abinci. Abin da ta fara yi da rundunar zai ba ku mamaki. Ta kori karuwai daga sansani, ta hana ashar da kwasar ganimar talakawa, ta matsa wa sojoji su je su furta zunubansu gaban limami. Watau dai abin da malamai ke tsoron sansani zai yi wa mace, sai ga mace ta juya shi ta gyara sansanin. In ta sauka a gari tare da matan gida take kwana, in kuwa a daji ne ba ta kwance ɗamara.

Ran 7 ga watan Mayu aka kai hari kan babbar hasumiyar da ke tsare gadar birnin. Jowan tana cikin na gaba, ana kafa tsani a jikin ganuwa sai kibiya ta same ta tsakanin wuya da kafaɗa. Ta yi kuka kamar kowace yarinya, aka ɗaure raunin, kafin magariba ta dawo da tutarta, sojoji suka yi ƙarfin hali suka ci wurin. Kashegari Ingilishi suka janye. Ƙawanyar wata 7 ta watse cikin kwana 9 da zuwanta. Ran 18 ga watan Yuni aka sake fatattakar Ingilishi a Pate. Yaron da ke yi mata hidima ya ba da labarin cewa ta ga an doki wani fursunan Ingila a ka, ta sauko daga doki ta tallabe kansa, ta sa aka kira masa limami kafin ya cika. Ita da bakinta ta gaya wa alƙalai daga baya cewa ta fi son tutarta sau 40 a kan takobinta, tana riƙe tutar ne don kada ta kashe kowa, kuma ba ta taɓa kashe mutum ba.

Ran 17 ga watan Yuli 1429 aka naɗa Shal na 7 a babbar majami'ar Rims, Jowan tana tsaye kusa da shi da tutarta. Ubanta Jak, wanda dā ya yi maganar nutsar da ita, ya zo garin ya ga abin da idonsa. Ladan da ta roƙa shi ne a yafe wa ƙauyensu haraji, aka kuwa yafe. Daga nan sai al'amura suka fara juyawa. Ran 8 ga watan Satumba ta kai wa Paris hari bai yi nasara ba, kibiya ta same ta a cinya, Sarki ya ba da umurnin a janye. Fadawa sun fi son sulhu da Burgundi, ita kuwa tana son a ci gaba da yaƙi. Ran 23 ga watan Mayu 1430, a bakin garin Kompiyen, tana tsare bayan sojojinta da ke ja da baya, wani maharbi ya finciko ta daga kan doki. Ta yi ƙoƙarin tserewa har ta diro daga wata doguwar hasumiya ta ji ciwo. Ƙarshe mutanen Burgundi suka sayar da ita ga Ingilishi a kan liba 10,000, kuɗin Faransa na lokacin. Sarkin da ta naɗa bai fanshe ta ba.

Shari'a

Aka kai ta birnin Ruwen, hedkwatar Ingilishi a Faransa. Abin da suke so shi ne a nuna cewa Shaiɗan ne ya aiko ta, domin in haka ta tabbata, naɗin Shal ya ɓaci ke nan. Alƙalin da aka ba aikin shi ne Bishop Piyer Koshon, mai ba Sarkin Ingila shawara, wanda ya rasa garinsa Bobe lokacin da mutanen garin suka koma wajen Shal. Malamai fiye da 100 suka zauna shari'ar a lokuta dabam-dabam, yawancinsu Faransawa ne masu goyon bayan Ingila, da yawa daga Jami'ar Paris. Aka fara cikin watan Janairu 1431. Yarinya mai shekara 19, ba lauya, ba ilmin littafi, ta yi wata da watanni tana amsa tambayoyin tarko. Sun tambaye ta ko tana cikin alherin Allah, da nufin in ta ce i su ce girman kai ne, in ta ce a'a su ce ta amsa laifi. Sai ta roƙi Allah ya sa ta cikin alherinsa in ba ta ciki, ya kuma tabbatar da ita in tana ciki. Malaman suka yi tsit. Ta nemi a kai maganarta gaban Paparoma, aka ce mata Roma ta yi nisa.

An tsara mata tuhuma 70, daga baya aka taƙaita su zuwa 12. A ciki an ce ta mai da kanta shugabar maza, ta bar iyayenta ba izini, ta kai hari ranar idi, ta yanke gashi, ta ƙi miƙa wuya ga hukuncin malamai game da muryoyin da take ji. Maganar maita ba su sami abin kamawa ba. An sake sa mata su duba ta, aka sake samun ta budurwa. Saboda haka kullum sai su koma kan tufafi, har sun lissafa cewa igiyoyi 20 ne ke ɗaure wandonta da taguwarta.

Nan ne, 'yan'uwa, nake so ku buɗe kunne. Bisa ƙa'idar coci, macen da ake tuhuma a kotun addini a kurkukun coci ake ajiye ta, mata su tsare ta. Jowan kuwa a kurkukun soja aka sa ta, da mari a ƙafa, sojojin Ingila 5 suna gadinta, 3 daga cikinsu a cikin ɗakin suke kwana. Igiyoyin nan da malamai ke lissafawa a matsayin abin kunya su ne katangar da ke tsakaninta da waɗannan ƙarti. Ta sha faɗa musu cewa in za a kai ta wurin da mata ke tsaro za ta sa rigar mata. Suka ƙi. Masu cewa suna kishin kunyar mace su ne suka kulle budurwa da maza a ɗaki guda, suka kuma ce laifi ne ta suturta kanta yadda za ta tsira. Larurar da Toma Akwinas ya ambata tana gabansu ƙiri-ƙiri, suka kau da kai.

Ran 24 ga watan Mayu 1431 aka fito da ita wata maƙabarta, aka nuna mata mai aiwatar da kisa yana jira, aka matsa mata ta sa hannu a takardar tuba. Ta sa alama, ta yarda za ta sa kayan mata, aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Tana zaton kurkukun coci za a kai ta, sai aka mayar da ita hannun sojojin nan. Bayan kwana 4 alƙalai suka same ta da kayan maza. Wani ma'aikacin kotun ya shaida daga baya cewa masu gadi ne suka ɗauke rigar matan suka bar mata na maza. Limamin da ya yi mata addu'ar ƙarshe ya ce ta gaya masa wani babban Bature ya nemi ya yi mata fin ƙarfi. Ita kuma ta ce wa alƙalai ba a cika mata alkawari ba, kuma tsoron wuta ne ya sa ta musanta muryoyinta, alhali tana nan a kan bakanta. A dokarsu wanda ya tuba ya koma, hukuncinsa wuta. Ran 30 ga watan Mayu 1431 aka ɗaure ta a tsohuwar kasuwar Ruwen aka cinna wuta. Ta roƙi gicciye, wani sojan Ingila ya haɗa mata 'yan itatuwa biyu ya miƙa mata. Tana kiran sunan Yesu har ta cika. Aka zuba tokarta a Kogin Sen don kada kowa ya sami abin ajiyewa.

Uwa Ba Ta Mantuwa

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Cikin 1449 Shal ya ƙwace Ruwen, takardun shari'ar suka faɗo hannunsa. Cikin 1453 yaƙin ya ƙare, Ingilishi ba su da sauran komai a Faransa sai garin Kale. Sarki yana da tasa bukatar, domin ba ya son a ce mai bidi'a ce ta naɗa shi, amma ƙarar da sunan uwar Jowan da 'yan'uwanta maza aka shigar da ita. Paparoma Kalistus na 3 ya ba da izini, ran 7 ga watan Nuwamba 1455 tsohuwa Isabel ta shiga babbar majami'ar Paris tana kuka, ta nemi a bi wa 'yarta hakki, shekara 24 bayan rasuwarta. Aka saurari shaidu wajen 115, ƙawayenta na ƙauye da sojoji da limamai da magatakardan kotun farko. Ran 7 ga watan Yuli 1456 aka soke hukuncin, aka ce cike yake da maguɗi da zalunci. Koshon ya riga ya mutu tun 1442. Isabel ta rasu cikin 1458, bayan ta ji an wanke 'yarta.

Ku lura da abu guda. Alƙalan da suka wanke ta ba su ce an buɗe wa mata ƙofar yaƙi ba. Ra'ayinsu game da mace da makami ɗaya ne da na waɗanda suka ƙone ta. Abin da malamansu suka nuna shi ne larura ce ta sa ta shigar maza, ta tsare budurcinta, kuma kotun farko ta take ƙa'idojinta. Haka nan da Paparoma Benedik na 15 ya ayyana ta waliyyiya ran 16 ga watan Mayu 1920, a sahun budurwai masu tsarkin rai aka rubuta ta, domin halinta da ibadarta aka duba.

Shi ya sa gardamar ba ta mutu ba. Amurka ta ɗage hanin da ta yi wa mata na shiga yaƙin ƙasa cikin 2013, Ingila ta buɗe musu dukkan ayyukan soja cikin 2018. Babban littafin koyarwar Katolika na 1992 ya yaba wa masu aikin soja da gaskiya a matsayin masu tsaron lafiyar jama'a, bai ware mace ko namiji ba. Duk da haka Katolika masu riƙon gargajiya suna nan a kan dalilan nan na dā: mace uwa ce, tsare ta wajibin namiji ne, ƙasar da ke tura 'ya'yanta mata bakin daga ta zubar da girmanta. Rundunar 'yan Suwizalan da ke gadin Paparoma tun 1506 maza zalla take ɗauka. In aka kawo musu misalin Jowan sai su ce ita kira na musamman ta samu, tuta ta riƙe, ba ta kashe kowa ba, kuma ba ta taɓa kiran sauran mata su bi sawunta ba. Ɗaya ɓangaren kuma su ce ai ta sa sulke, ta ja maza zuwa ganuwa, kibiya ta same ta sau biyu, manyan hafsoshi sun yaba gwanintarta wajen girka igwa, in wannan ba yaƙi ba ne, to, mene ne yaƙi? Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa a cikin labarin.

Ni dai ba zan raba muku wannan gardama ba, kowace ta auna da hankalinta. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. In kuka ji mutum yana ɗaga murya kan mutuncin mace, ku dubi abin da yake yi wa macen da ke hannunsa. Malaman Puwatiye da malaman Ruwen littafi ɗaya suka karanta. Na farko suka binciki yarinyar, suka sa mata suka duba ta, suka yi mata adalci. Na biyu suka ba ta ga sojoji su tsare, suka ƙirga igiyoyin wandonta, domin albashinsu yana hannun maƙiyanta. Ku 'yan makaranta, ku tuna Jowan ba ta iya karanta takardar da aka sa ta sa wa hannu ba, ku kuwa kuna da damar da ba ta samu ba, kada ku yi wasa da ita. Ku kuma iyaye mata, ku tuna da Isabel, wadda ta koya wa 'yarta kaɗi da addu'a, ta kuma tashi da tsufanta ta je har Paris don a share wa 'yar suna.